Tsuntsayen da Suka Tsallake Shinge: Nazarin Lamarin Wani Kwari a Gefen Birnin Welintan

Asalin matsalar

Wurin da wannan nazari ya shafa wani kwari ne mai faɗin hekta 225, wanda yau mafakar tsuntsaye ce da ake kira Zealandia, a yammacin birnin Welintan, babban birnin ƙasar Niyu Zilan, kuma tazarar da ke tsakaninsa da tsakiyar birnin ba ta wuce 'yan kilomitoci ba. Unguwannin jama'a sun matso kusa da shi ta ɓangarori da dama, har akwai gidajen da bayansu ke kallon dajin kai tsaye. Matsalar da aka tarar a wurin a farkon shekarun 1990 ita ce, itatuwa sun tsiro sun rufe kwarin, amma tsuntsayen da aka san irin wannan daji da su sun ɓace, wasu ma an yi kusan ƙarni guda ba a gan su a yankin ba.

Dalilin ɓacewar tasu ya samo asali ne daga tarihin ƙasar. Kafin zuwan ɗan Adam, babu wata dabba mai shayarwa da ke rayuwa a doron ƙasar Niyu Zilan in ban da jemage, saboda haka tsuntsayenta suka rayu ba tare da sanin maƙiyin da ke bin sansana a ƙasa ko yake hawa itace da dare ba. Da yawansu suna kiwo a ƙasa, suna yin sheƙa a kogon itace ko a gindin ciyayi, wasu kuma ba sa tashi ko kaɗan. Kakannin al'ummar Mawori, waɗanda suka iso wajen ƙarshen ƙarni na 13, sun zo da wani ƙaramin ɓera da kuma kare. Turawa suka biyo baya da manyan ɓeraye iri biyu, da ƙananan ɓerayen gida, da kyanwa, da bushiya. An shigo da dabbar fosam daga Ostareliya saboda gashinta, sai ta koma cin ganye da fure da 'ya'yan itace, har da ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye. A shekarun 1880 aka kawo wasu siraran dabbobi masu farauta, sitot da wizil, domin su rage zomayen da suka addabi makiyaya, amma suka sami tsuntsayen daji sun fi sauƙin kamawa. Tsuntsun huya, wanda aka yi wa ganin ƙarshe tabbatacce a 1907, yana cikin nau'o'i masu yawa da suka ƙare baki ɗaya.

Shi kansa kwarin an ƙone dajinsa na asali a tsakiyar ƙarni na 19 aka mai da shi wurin kiwo. Daga baya birnin ya gina madatsun ruwa biyu a cikinsa, ta ƙasa a 1878, ta sama a 1908, aka kuma hana jama'a shiga domin kare ruwan sha. Wannan hani ne ya ba itatuwa damar sake tsirowa tsawon shekaru. Sai dai akwai wata tsagar ƙasa mai haddasa girgiza da ta ratsa kwarin, kuma saboda haɗarinta da samun wasu hanyoyin ruwa aka daina dogaro da madatsar sama a farkon shekarun 1990, ta ƙasa kuma a 1997. Kwarin ya rasa aikin da aka keɓe shi dominsa, aka shiga tambayar abin da za a yi da shi.

1990 zuwa 1998: shawara da ƙidayar farko

Shawarar mai da kwarin mafakar tsuntsaye ba daga gwamnati ta fito ba. Ta fito ne daga reshen Welintan na ƙungiyar kare daji da tsuntsaye ta Forest & Bird, inda wani ɗan ƙungiyar, Jim Lynch, ya tsara wani shiri na farfaɗo da halittun birnin a 1990, sannan ya kawo shawarar a kewaye kwarin da shingen da dabba ba za ta iya ratsawa ba. A wancan lokaci hanyar da aka sani ta ceton tsuntsaye ita ce a kwashe su a kai tsibiran da aka kakkaɓe ɓeraye daga cikinsu, inda teku ke zama kariya. Abin da aka nema a nan shi ne a samar da irin wannan kariya a kan tudu, kusa da gidajen mutane. An kafa gidauniyar al'umma mai kula da wurin a 1995, ta kuma sanya wa kanta wa'adin shekara 500 na mayar da dajin kamanninsa na asali, domin manyan itatuwan ƙasar suna ɗaukar ƙarnoni kafin su cika girma.

Wani mataki da aka ɗauka tun kafin a kafa ko da ginshiƙi ɗaya shi ne fara ƙidaya. Daga 1995 zuwa 1998 'yan sa kai daga ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta ƙasar sun riƙa shiga kwarin suna amfani da tsarin ƙidayar minti biyar, wanda aka tsara a Niyu Zilan a 1975. Mai ƙidaya yakan tsaya a wani gurbi da aka yi wa alama, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa cikin minti biyar, sannan ya wuce gurbi na gaba. Tsarin ba ya bayyana adadin tsuntsayen da ke dajin, amma idan aka maimaita shi a gurabe guda, a watanni guda, shekara bayan shekara, yana nuna wane nau'i ne ke ƙaruwa, wane ne kuma ke raguwa. Abin da aka fi rubutawa a waɗannan shekaru shi ne ƙananan tsuntsaye uku na ƙasar da suka iya jure wa ɓeraye, wato tauhou da piwakawaka da riroriro, tare da tsuntsayen da Turawa suka shigo da su daga Turai. Tui, baƙin tsuntsu mai farin tuntu a maƙogwaro wanda ke shan ruwan fure, kaɗan ne ake gani.

1999 zuwa 2000: shinge da guba

Tun da babu wani shinge irin wannan da za a kwaikwaya, sai aka kama dabbobin da ake son hanawa aka gwada su a kan samfura daban-daban, ana auna nisan tsallen kowace, da iya hawanta, da zurfin haƙarta, da ƙanƙantar ramin da za ta iya kutsawa. Sakamakon ya zama shinge mai tsawon kilomita 8.6 da tsayin mita 2.2, wanda aka kammala a watan Agustan 1999. Jikinsa ragar waya ce mai ƙananan idanu, a samansa akwai lanƙwasasshen murfin ƙarfe mai santsi da ke hana fosam da kyanwa kamawa su haye, a ƙasa kuma ragar ta ci gaba a binne domin dabbar da ta zo haƙa ta tarar da waya. An sare itatuwan da ke gefensa don kada reshe ya zama gada. An tsara shi ne domin ya hana nau'o'in dabbobi masu shayarwa 14.

Bayan rufe shingen aka koma kan dabbobin da suka rage a ciki. An yi amfani da tarkuna da farauta, sannan a ƙarshen 1999 aka watsa ƙwayoyin abinci masu ɗauke da gubar burodifakum daga jirgi mai saukar ungulu. Wannan guba tana hana jini daskarewa, kuma ba ta kashewa nan take, saboda haka ɓera yakan ci isasshe kafin ya ji wani abu da zai sa ya guje ta. Tana kuma iya cutar da tsuntsaye, wanda shi ya sa aka gama da ita kafin a kawo tsuntsu ko ɗaya. A farkon shekarar 2000 aka bayyana cewa kwarin ya rabu da dabbobin.

Ba a daɗe ba aka sake ganin sawun ƙananan ɓerayen gida. An gano cewa 'ya'yansu suna iya kutsawa ta wuraren da idanun ragar suka ɗan buɗe, kuma tun da babu manyan ɓeraye da sitot da ke cinsu ko suke yi musu takarar abinci, sai suka yaɗu da sauri. Ba a sami nasarar kawar da su ba. Abin da aka koma yi shi ne rage yawansu da guba a cikin akwatuna sau ɗaya a shekara, a lokacin hunturu, sa'ad da abinci ya yi musu ƙaranci. Wizil ma ya shiga kwarin fiye da sau ɗaya a shekarun da suka biyo baya, kuma ana gane hakan ne ta wasu ƙananan bututu da ake ajiyewa a dajin, masu ɗauke da tawada da takarda, waɗanda dabba ke barin sawunta a ciki idan ta bi ƙanshin abinci. Tun daga lokacin ake bin shingen ana dubawa a kai a kai, musamman bayan iska mai ƙarfi, wadda Welintan ta yi suna da ita, kuma kowane baƙo sai ya buɗe jakarsa an tabbatar babu ɓera kafin ya wuce ƙofa.

2000 zuwa 2011: dawo da halittun da suka ɓace

Nau'in tsuntsun kiwi mafi ƙanƙanta, mai ɗige-ɗige a jiki, yana cikin na farko da aka kawo. An ɗauko 40 daga tsibirin Kapiti a 2000 da 2001, kuma wannan ne karo na farko cikin kusan ƙarni guda da nau'in ya sake zama a babban yankin ƙasar, wato ba a ƙananan tsibirai ba. Tun da kiwi ba ya tashi, shingen da ya hana maƙiyansa shiga shi ne ya hana shi fita, kuma ya hayayyafa. A 2001 aka kawo wasu ƙananan tsuntsaye iri uku, toutouwai da popokotea da korimako. A 2002 aka kawo tieke, baƙin tsuntsu mai jan baya wanda ke kiwo a ƙasa da ƙananan rassa, wanda a wani lokaci bai rage ko'ina ba sai a tsibiri guda a arewacin ƙasar. A shekarar ce kuma aka fara sakin akun daji mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira kaka, kuma jimillar waɗanda aka saka daga 2002 zuwa 2007 ba ta wuce 14 ba, dukansu renon gidajen namun daji. Wani ƙaramin tsuntsu mai shan ruwan fure, hihi, ya biyo baya a 2005.

Ba tsuntsaye kaɗai aka kawo ba. A 2005 aka saki tuatara 70, aka ƙara 130 a 2007. Tuatara dabba ce mai rarrafe da ta yi kama da ƙadangare amma ba danginsa ba ce, ita kaɗai ta rage daga wani tsohon rukuni, kuma ɓeraye ne suka kore ta zuwa tsibirai. A 2008 ma'aikata suka ci karo da ƙwayayenta a cikin ƙasa, a watan Maris na 2009 kuma aka ga ɗanta, abin da ake ganin an yi kusan shekara 200 ba a samu ba a babban yankin ƙasar. An kuma kawo wani ƙaramin kwaɗo na ƙasar a 2006, da wani ƙaton gyare mai suna weta a 2007, da ƙaramin aku kore mai jan goshi, kakariki, a 2010, da takahe biyu, wato wani babban tsuntsu da ba ya tashi, a 2011.

Wasu yunƙurin ba su yi nasara ba. Weka, tsuntsun ƙasa da aka saka a 2000, bai kafu ba. Miromiro, wani ƙaramin tsuntsu da aka kawo a farkon shekarun 2000, shi ma ya ɓace daga kwarin, kuma ana danganta hakan da takara tsakaninsa da toutouwai, ɗan'uwansa da ya fi shi girma kuma suke neman abinci iri ɗaya. Korimako ya zauna amma bai bunƙasa ba, domin matan sukan fice daga kwarin su bar maza da yawa a ciki. Hihi kuwa ya rayu ne da tallafi: ana ajiye masa ruwan sukari a wurare na musamman, ana kuma rataye masa akwatunan sheƙa, saboda a kogon tsohon itace yake ƙwai, dajin kuma bai tsufa ya yi koguna ba. Akun kaka ma da akwatuna ya fara.

Lokacin da aka maimaita ƙidayar minti biyar a gurabe na da, daga 2002 zuwa 2005 da kuma daga 2013 zuwa 2016, an ga sauyin da ba kowa ya yi tsammani ba. Nazarin da Colin Miskelly na gidan tarihi na Te Papa ya wallafa a 2018 ya nuna cewa tui ya ninka fiye da sau 10, kuma tsuntsayen da aka dawo da su sun mamaye jerin. Amma tauhou da piwakawaka da riroriro, waɗanda suka fi yawa a ƙidayar farko, sun ragu, duk da cewa an kawar da ɓerayen da ke cin ƙwayayensu. Bayanin da nazarin ya fi karkata gare shi shi ne, waɗannan ukun sun yi yawa a baya ne saboda babu abokan takara, da tsoffin mazauna dajin suka dawo sai suka matsa musu.

2010 zuwa 2016: matsalar kuɗi

A 2010 gidauniyar ta buɗe wani babban ginin karɓar baƙi da aka kashe wa kimanin dalar Niyu Zilan miliyan 17, kuma wajen miliyan 10 daga ciki rance ne daga majalisar birni. An yi lissafin cewa kuɗin shiga zai riƙe wurin ya kuma biya bashin, amma baƙin da suka zo a shekarun farko ba su kai yadda aka yi hasashe ba. Majalisar ta ci gaba da ba da tallafi, aka yi ta muhawara kan makomar wurin, har a 2016 ta sayi ginin domin a share rancen, gidauniyar kuma ta koma ƙarƙashin kulawarta. Aikin kula da shinge da tsuntsaye bai tsaya ba a tsawon wannan lokaci, kuma kaso mai yawa na aikin 'yan sa kai ne ke yin sa.

Daga 2011: abin da aka gani a wajen shinge

Tsuntsun da ke tashi ba ruwansa da shinge mai tsayin mita 2.2, saboda haka tun farko an san cewa wasu za su fita. Abin da ba a sani ba shi ne waɗanne ne za su rayu a waje. A 2011 majalisar birni ta fara ƙidayar minti biyar ta shekara-shekara a gurabe 100 da ke dazuzzuka da wuraren shaƙatawa na birnin. Masu rubuta rahoton sukan haɗa sakamakon da bayanan da jama'a ke shigarwa a manhajar eBird, inda duk wanda ya ga tsuntsu zai rubuta nau'insa da wurin da ranar. Hanyoyin biyu suna cike giɓin juna. Ƙidayar gurabe tana da tsari amma ba ta shiga lambunan gidaje, kuma tsuntsun da bai da yawa yana iya kuɓuce mata. Bayanan jama'a suna kaiwa ko'ina, sai dai sun fi yawa a inda mutane suka fi yawo, kuma mutum ya fi saurin rubuta baƙon tsuntsu a kan wanda ya saba gani kullum.

Cikin shekara goma hoton ya fito sarai. Akun kaka ya ninka fiye da sau biyu a ƙidayar birnin, ana ganinsa a unguwanni masu nisa da kwarin, har yana yin sheƙa a wasu dazuzzukan. Tui ya zama tsuntsun da ake gani a kusan kowace unguwa, babbar tantabarar daji da ake kira kereru ita ma ta ƙaru, kakariki ya fara bayyana a wurare dabam-dabam. Shahon ƙasar, karearea, wanda ba wanda ya kawo shi, ya dawo da kansa yana farauta a birnin. A gefe guda, tieke da toutouwai, waɗanda suka cika kwarin, ana ganinsu ne kawai a kusa da shingen, galibi cikin tazarar da ba ta wuce kilomita guda ba. Kowace shekara 'ya'yansu suna tsallakawa, a gan su na ɗan lokaci, sannan a daina ganinsu. Dukansu biyu a ƙasa suke neman abinci, tieke kuma a ƙananan koguna yake kwana, inda ɓera da sitot da kyanwa ke samunsa cikin sauƙi.

Akun kaka da maƙwabta

Yaɗuwar akun kaka ta zo da matsalolin da ba a tanadar musu ba. Tsuntsu ne mai wayo da son bincike, ba ya kuma tsoron mutum sosai, don haka mazauna unguwanni suka fara ajiye masa abinci a baranda, galibi gyaɗa da dangoginta. Masu duba sheƙuna suka fara tarar da 'ya'ya masu karkatattun ƙafafu da lanƙwasasshen baki, wasu ba sa iya tsayuwa, da yawa kuma suna mutuwa kafin su bar sheƙa. Likitocin dabbobi suka gano cewa ciwon ƙashi ne da ke tasowa daga rashin daidaito tsakanin sinadarin kalsiyam da fosfaras. Gyaɗa tana da fosfaras mai yawa da kalsiyam kaɗan, kuma babban aku yana iya jurewa, amma idan ya amayar da ita ya ciyar da ɗan da ƙashinsa ke girma, ƙashin ba ya yin ƙwari. An bi gidaje da takardun faɗakarwa da kafofin watsa labarai ana roƙon mutane su daina ciyarwar, su shuka itatuwan ƙasar masu fure da 'ya'ya a maimako. Saƙon bai shiga nan da nan ba, domin masu ciyarwar suna ganin alheri suke yi, kuma ba su ne ke buɗe sheƙa su ga sakamakon ba.

Matsala ta biyu gubar dalma ce. Tsoffin gidajen Welintan da yawa suna da ƙusoshin rufi masu kan dalma, akun kuma yana son tauna duk abin da bakinsa ya kama. Gwajin jini ya nuna dalma a jikin manya da 'ya'ya, asibitin gidan namun dajin birnin kuma ya riƙa karɓar waɗanda suka kamu. Ta uku ita ce ɓarnar itatuwa: akun yana ɓare ɓawon itace ya sha ruwan da ke tsatsowa, kuma wasu manyan itatuwan ƙetare da ke lambun tsirrai na birnin sun ji jiki. Duk da haka yawansa bai daina ƙaruwa ba, har ta kai a tsakiyar shekarun 2010 an daina sanya wa kowane ɗa zoben shaida a ƙafa, bayan an sanya wa ɗaruruwa.

2014 zuwa 2023: tarko a bayan gida

A ƙarshen 2014 aka gano sheƙar tieke a wani ƙaramin dajin jama'a da ke maƙwabtaka da kwarin, inda mutane ke gudu da hawan keke da yawo da karnuka. An ɗauki wannan a matsayin karo na farko cikin fiye da shekara 100 da nau'in ya yi sheƙa a babban yankin ƙasar ba tare da shinge ba. Masu amfani da dajin suka kafa ƙungiyar sa kai, suka jera tarkuna a bakin hanyoyi, suka raba wa junansu layukan dubawa, suka kuma riƙa roƙon masu karnuka su riƙe su da igiya. Tieke ya ci gaba da yin sheƙa a wurin a shekarun da suka biyo baya, ko da yake ana rasa wasu 'ya'yan.

A kusan lokaci guda wani mazaunin wata unguwa da ke arewa da kwarin, Kelvin Hastie, ya ga wizil da rana tsaka kusa da gidansa, ya fara shawo kan maƙwabtansa su ajiye tarkon ɓera a bayan gida. Ƙa'idar da aka bi ita ce a sami tarko a gida ɗaya cikin kowane biyar, domin a irin wannan tazara da wuya ɓera ya yi yawonsa bai ci karo da ɗaya ba. Tarkon yana cikin akwatin katako mai ƙaramar ƙofa, don kada yaro ko tsuntsu ya taɓa shi, mai gida kuma yana ba da rahoton abin da ya kama. Tsarin ya bazu zuwa unguwanni da dama na birnin. A 2016 gwamnatin ƙasar ta bayyana burin kawar da manyan ɓeraye da sitot da fosam daga Niyu Zilan baki ɗaya kafin 2050. A 2019 aka fara aikin kakkaɓe ɓeraye da sitot da wizil daga zirin Miramar da ke gabashin birnin, aka shiga gida-gida da tarkuna da akwatunan guba, aka kuma bayyana kammala shi a watan Nuwamban 2023. A tsaunukan da ke yammacin birnin, inda wani shiri dabam ya shimfiɗa dubban tarkunan sitot, an saki kiwi mai launin ƙasa-ƙasa a ƙarshen 2022 ba tare da shinge ba, aka kuma ga 'ya'yansa bayan shekara guda.

Kyanwa ce ta rage ba a taɓa ta sosai ba. Dokar birni ta 2016 ta wajabta sanya wa kowace kyanwar gida ƙwayar shaida ta lantarki a ƙarƙashin fata, amma ba ta hana ta yawo ba, kuma tarkon da aka yi domin ɓera ba ya yi mata komai.

Hukunci

A cikin kwarin, shingen ya yi abin da aka gina shi dominsa. Kiwi da tieke da tuatara sun hayayyafa a wurin da ba su da damar rayuwa kafin 1999, kuma dalilin a bayyane yake: waɗannan nau'o'i ba raguwar maƙiya suke buƙata ba, rashinsu baki ɗaya suke buƙata, kuma tarko kaɗai ba ya kai wa nan a wurin da dabbobi ke shigowa daga kowane gefe. Gazawar da aka samu kan ƙananan ɓeraye ta fito ne daga ragar da aka zaɓa, kuma ta zama nauyin da ake ɗauka kowace shekara. Gazawar miromiro da korimako kuwa ta nuna cewa hekta 225 na sabon daji ba za su ɗauki kowane nau'i ba, ko da babu mai farautarsu.

A 2011 wasu masana uku sun wallafa sukar irin waɗannan shingaye, suna cewa suna da tsada ƙwarai idan aka kwatanta da faɗin ƙasar da suke karewa, kuma abin da ke ciki ya fi kama da gidan namun daji. Matsalar kuɗin da wurin ya shiga ta ba su wata hujja, ko da yake ginin baƙi ne ya jawo bashin ba shingen ba. Inda sukar ta gaza shi ne ba ta lissafa abin da ke fita daga shingen ba. Aku 14 ne suka zama tushen yawancin waɗanda ake gani a birnin yau, kuma ganin tieke a kan hanyar gudu ne ya sa mutanen da ba su taɓa riƙe tarko ba suka fara jera su. Sai dai ba duk ƙaruwar za a jingina wa kwarin ba, domin hukumomin yankin sun daɗe suna rage fosam a dazuzzukan birnin, kuma tui da kereru sun amfana da wannan ma.

Ƙidayar 1995 zuwa 1998 ita ce mafi arahar abin da aka yi a dukan aikin, kuma ba don ita ba da ba a san cewa tauhou da piwakawaka da riroriro sun ragu ba, domin mai shiga dajin yau zai ji shi cike da kuka ya ɗauka komai ya ƙaru. Haka kuma bayanan da aka tara a wajen shinge ne suka raba tsuntsayen gida biyu, masu rayuwa a saman itace da suka bazu cikin birni, da masu kiwo a ƙasa da suka tsaya a kusa. Iyakar da tieke da toutouwai suke kaiwa a taswirar bayanan ita ce ma'aunin da ya fi dacewa a riƙa dubawa don sanin ko tarkunan unguwanni sun isa, kuma har yanzu wannan iyaka ba ta yi nisa da shingen ba. Shingen kansa ya haura shekara 25 a cikin iska mai ɗauke da gishirin teku, hihi yana nan a kan ruwan sukari da akwatuna, kuma batun kyanwar gida yana jiran shawarar da majalisar birni da masu kyanwoyin ba su kai ga yankewa ba.